Bunsurun Gwamnati Ya Je Abuja

Tun da na dawo daga Abuja ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. A majalisarmu ta ƙofar masallaci, a kanti, har a wajen zaman makoki, sai wani ya matso ya rage murya ya ce, "Dakta, wai yaya aka yi da bunsurun nan?" Wani ya ji an ce na sayar da shi. Wani ya ji an ce minista ne ya cinye. Na kuma lura duk sanda na ba da labarin da baki sai ya ƙara ƙiba kafin ya kai layi na gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata kiwon awaki ce, sai dai da digiri. Ina aiki a wata ƙaramar tashar binciken dabbobi ta gwamnatin tarayya, can gaba da Gusau, inda muke ƙoƙarin inganta jar akuya. Aikin ba shi da wani asiri. Ka zaɓi uwa mai yawan tagwaye, ka zaɓi uba mai saurin girma da kyan fata, ka haɗa su, ka jira, ka sake zaɓa a cikin 'ya'yan. Haka nake yi tun gashina yana baƙi. Abin da duk wannan jira ya haifar shi ne wani matashin bunsuru da ma'aikata suka sa wa suna Jatau, ja wur, mai faɗin ƙirji, mai kallon mutane kamar su suka zo neman aiki wurinsa.

A daminar da ta wuce annoba ta shiga garkenmu. Ba mu da allurar rigakafi, domin firijin tashar ya riga awakin mutuwa. Zaɓaɓɓun mazan nan duka suka tafi, sai Jatau. Matan suna nan da dama, amma uban da zai ci gaba da jinin shi kaɗai ne, kuma bai taɓa barbara ba.

Ana cikin haka saƙo ya zo. Gwamnatin farar hula, wadda kuɗin mai ya yi wa yawa har ta tuna akwai wani abu wai shi noma, ta kafa kwamiti ya auna dukkan cibiyoyin binciken noma na ƙasar: wadda za a gyara, wadda za a haɗe da wata, wadda za a rufe. An ce kowace cibiya ta zo Abuja da shaidar abin da ta yi. Daraktanmu ya kira ni ofis.

"Dakta, me muke da shi?"

"Jatau, yallaɓai."

"Bayan shi fa?"

"Sai igiyarsa."

Ya kaɗa biro a kan tebur. Sannan ya ba da umarni a ware Jatau daga mata, a yi ta ɗura masa dusa ya yi sheƙi, in ya dawo daga Abuja ya yi angoncinsa. Na ce gara a fara angoncin, tafiya ta biyo baya. Ya ce bunsurun da ya shiga mata ramewa yake yi, kuma shi ba zai kai wa kwamitin tarayya ƙasusuwa ba. Da haka aka rufe maganar. Shi ya bi jirgi. Ni da Jatau muka nufi tasha, domin motar ofishinmu tana kan duwatsu tun zamanin soja, kaji ma sun saba ƙwai a cikinta.

A tasha direban bas ya ce dabba kaya ce, wurinta but ɗin mota. Na ce wannan ma'aikacin gwamnati ne, kuma ya fi ni muhimmanci a tafiyar. Muka daidaita na kama mana kujerar baya gaba ɗaya. Wanda bai taɓa zama da bunsuru a rufaffiyar mota ba, ba zan iya kwatanta masa ba, kuma ba na yi masa fata. Kafin mu kai Funtuwa duk gilasan a sauke suke. Wata hajiya 'yar kasuwa da ke gabanmu ta fesa turare har kwalbar ta ƙare, sannan ta juyo.

"Malam, biki za ka kai shi?"

"A'a, Hajiya, mitin za mu."

"Da shi?"

"Ai shi aka gayyata. Ni rakiya na yi."

Ta dube ni, ta dubi Jatau, ta ce lallai ƙasar nan ta kusa gyaruwa. A Zariya da aka tsaya cin abinci ta saya masa ganyen latas, ni ba ta saya mini komai ba.

Ana cewa Abuja a cikin Najeriya take. A taswira haka ne. Amma duk wanda ya iso Zuba da dabba zai san ya zo iyakar wata ƙasa. Wasu ma'aikatan kula da muhalli masu koren riga suka tsayar da mu, babbansu ya leƙo ta taga, ya ja da baya da sauri yana riƙe da hanci.

"Wannan akuya na waye?"

"Bunsuru ne, ofisa. Na gwamnatin tarayya."

"Gwamnati ba shi da akuya. Gwamnati mota ne yake da shi."

Na nuna masa takardar gayyata. Ya karanta a tsanake, ya ce takarda ta ce a kawo shaida, ba ta ce a kawo shaida mai yin kashi a titi ba. Fasinjoji suka fara tsaki. Ina tunanin yadda zan koma gida da ƙafa, sai ya ja ni gefe ya tambaya ko da gaske likitan awaki ne ni. Ashe yana da nasa a garinsu wajen Lafiya, ƙazwa ta kama su, gashi duk ya zube. Na faɗa masa maganin da zai saya da yadda zai yi musu wanka. Ya sara mini, ya ɗaga sandar da suka tare hanya da ita. In za a yi mini hisabi, wannan ne kaɗai ilmin da ya fita daga tasharmu ya kai ga mai dabba a wannan shekarar.

A tashar Utako Yohanna ya tarbe mu. Tare muka yi kwalejin aikin gona, shi mutumin kudancin Kaduna ne, yanzu yana ma'aikatar noma yana tura fayil daga wannan tebur zuwa wancan. An kama wa mahalarta ɗakuna a otal, amma otal ya ce baƙon da ke da ƙafa huɗu ba ya cikin lissafi. Yohanna ya ce, "Mutumina, Kurudu za mu. A can ko jaki ka zo da shi babu mai tambayar ka."

Kurudu ita ce inda Abuja take kwana. Da safe kowa ya yi wanka ya sa kwat ya shiga layin motoci zuwa cikin birni, da yamma birnin ya tofar da su su dawo. Gidan Yohanna rabinsa an gama, rabinsa bulo ne tsirara yana jiran ƙarin girma. A wannan rabin aka sauki Jatau. Matarsa, Maman Blessing, ta zagaye shi tana auna cinyoyinsa da ido.

"Oga Dakta, wannan farfesun ranar Lahadi ne ka kawo mana?"

Na yi mata bayanin asalinsa tun daga kakanni. Ta saurara da ladabi, ta ce duk da haka da barkono zai yi daɗi. Ta cika mini kwano da gwaten acca mai yakuwa, wanda ya fi duk abin da na ci a otal daga baya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a birnin shi ne ciyawa. A wajenmu, da rani, mutum yakan yi faɗa da ɗan'uwansa a kan ƙunshin harawa. A Abuja ciyawa ce kore shar a tsakiyar titi da gaban ofisoshi, an ɗauki ma'aikata suna ba ta ruwa, an ɗauki wasu suna aske ta, an ɗauki na uku suna kwashe askin suna zubarwa a bola. Dabba kuwa in ta kusance ta, an kama ta ke nan. Harawar Jatau sai a kasuwar Gudu muka samo, ana sayar da ita a ɗan ɗauri kamar alayyaho.

Ranar taro muka isa otal da hantsi. Masu gadi suka ce ni in shiga, shaidata ta tsaya a waje. Rana ta fara zafi, inuwa kuma babu sai a rumfar da manya ke ajiye motoci. Ina tsaye ina rarraba ido, wani mutum mai fara'a ya taso daga jikin wata sabuwar a-kori-kura, ya ce sunansa Sande, direban shugaban kwamiti ne.

"Oga, kawo igiya in riƙe maka. Daga wane ofis?"

Na faɗa masa sunan tasharmu. Ya maimaita har ya zauna masa a baki. Na miƙa masa igiyar, na shiga ina cewa a raina ashe har yanzu akwai mutanen kirki a birni.

A garinmu in za ka yi wa babban mutum kyauta, gidansa kake zuwa da rana tsaka, a shimfiɗa tabarma, a yi godiya, maƙwabta su shaida. A Abuja kyauta ba ta bin ƙofar gaba. Direba ake miƙa wa a wurin ajiye motoci, a faɗi sunan ofis, ba a ƙara ko kalma. Duk wanda ya yi shekara a birnin ya san wannan. Ni kwana na yi.

Cikin zauren sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Aka jira babban baƙo, ya aiko wakili, wakilin ya karanta jawabin da ke cewa noma shi ne ƙashin bayan ƙasa, ya fita da sauri. Daga nan cibiyoyi suka fara fitowa da majigi. Na ga hoton masara da ta fi mutum tsawo, na ga rogo kamar cinyar ɗan dambe, duk a bango. Shugaban kwamitin, wani dattijo tsohon babban sakatare, yana gyaɗa kai. A gefensa akwai wani Bature da aka ɗauko haya, da wata Hajiya Dakta daga ma'aikata wadda ba ta dariya.

Zan yi wa kwamitin nan adalci: tambayoyinsu a kan hanya suke. Me ya sa cibiyoyi da yawa ke bincike a kan abu guda, babu wadda ta san abin da 'yar'uwarta ke yi? Me ya sa albashi ke cinye kason bincike, a bar masana suna zaman karanta jarida? Wa ke faɗa mana abin da manomi yake so? Tambayoyi ne da mu kanmu muke yi a ƙarƙashin bishiya, sai dai ba mu taɓa jin su da lasifika ba.

Da layi ya zo kaina, Hajiya Dakta ta sauke tabarau.

"Dakta, a duk shekarun nan, akwai makiyayin da ya taɓa samun ɗan akuya daga tasharku?"

"Ta ƙofa dai babu, ranki ya daɗe. Amma shingenmu yana da ɓaraka, kuma na ga wasu 'yan awaki a ƙauyen maƙwabta masu kama da namu ƙwarai."

Baturen ya rubuta wannan da sauri. Na ce shaidata tana waje, in kwamiti zai taka ya gani. Shugaba ya yi murmushi ya ce lokaci ya ƙure, kuma sun gamsu. A hutun shayi, inda ake ba mutum nama a tsinken sakace kamar ana ba shi magani, shugaban ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Dakta, saƙo ya iso. Allah ya bar zumunci."

Na ce amin ban san a kan me ba. Da na fita rumfa, babu Sande, babu a-kori-kura, sai ɗan kashin Jatau a kan kwalta.

Na samu Darakta a bakin teburin abinci na faɗa masa. Ya ajiye faranti. Na ɗauka zai fusata. Sai na ga fuskarsa tana washewa a hankali.

"Ya karɓa? Har ya yi godiya?"

"Yallaɓai, ba kyauta ba ce. Zan je in yi masa bayani yanzu."

"Kada ka kuskura. Mutumin da zai rubuta a rufe mu ko a bar mu, shi za ka je ka ce ya dawo da akuya? Ka tuna masu gadi da masu shara da leburorin tashar nan. Ka bari kwamiti ya tashi a ƙarshen mako, sai a san dabarar yi."

"In an yanka shi fa?"

"Sallah da nisa. Kuma mai raguna a gida ba ya yanka bunsuru."

Haka na zauna sauran kwanakin taron. Aka rarraba mu rukuni-rukuni, aka ba mu manyan takardu da alƙalamai masu launi mu zana yadda binciken noma zai kasance nan gaba. Rukuninmu ya zana akwatuna da kibiyoyi, aka sa manomi a akwatin tsakiya, kowa ya yaba. Ni duk ƙamshin naman da ya taso daga kicin sai in ɗauka Jatau ne a tukunya. Yohanna ne ya kwantar mini da hankali. Direbobin ma'aikatu suna da tasu majalisar, wadda ta fi ta dattawa sanin abin da ke gudana, kuma ta nan ya ji cewa Jatau yana raye a gidan shugaba a Asokoro, har an ce yana cin kabeji.

Ranar da aka rufe taro Darakta ya ce jirginsa na safe ne, in yi abin da na ga ya dace, amma kada in ambaci sunansa. Washegari ni da Yohanna muka nufi Asokoro. Unguwa ce da ba ka jin kukan yaro ko na zakara, sai na janareto. Muka daɗe a bakin get kafin a shigar da mu falo.

Na tsara jawabi mai sassa uku, amma da shugaba ya fito cikin jallabiya sai na faɗi maganar yadda take: dabbar nan ba tawa ba ce balle in bayar, ita ce ragowar aikin rayuwata, kuma in babu ita garken ya tsaya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Dakta, me ya hana ka faɗa tun ranar? Ai da a take na sa an mayar maka. Ni kaina na yi mamaki. Manyan cibiyoyi zuma da shinkafa suka aiko, ku 'yan ƙanana kuka aiko da mai rai." Ya ɗaga murya. "Sande, kawo wa Dakta abinsa."

Muka fita tsakar gida. Sande ya ɓullo ta bayan ɗakin masu aiki yana jan igiya. Jatau yana biye da shi a hankali, yana tafiya ƙafafun baya a buɗe kamar mai tsallake kwata. Ban bukaci in sunkuya ba. Na sunkuya duk da haka.

Sande ya ce, "Oga, wari ne ta dame Madam. Kuma kullum yana kuka yana neman mata, har ambasada na gidan kusa ya aiko. Sai na kira wani mutum daga Gudu ya dandaƙe shi shekaranjiya. Mutumin ya iya aiki sosai, ko jini babu."

"Ai haka ya fi," in ji shugaba. "Taure ya fi ƙiba, namansa kuma ba ya ƙarni." Sai ya ga fuskata, ya daina murmushi. Ya dubi Yohanna, ya dubi Jatau, ya rage murya. "Dakta, babu yadda za a mayar?"

"Ranka ya daɗe, bincikenmu bai kai nan ba tukuna."

Ya ba da haƙuri da gaske, ba zan ɓoye wannan ba. Ya ce in zaɓi rago ɗaya a cikin nasa. Na gode masa na ce a bar shi. Ya sa Sande ya kai mu har Utako a bayan a-kori-kurar, Yohanna yana gaba, ni da Jatau a baya muna kallon ciyawar tsakiyar titi tana wucewa. A tasha Yohanna ya rungume ni ya ce Maman Blessing za ta ce da an ba ta tun farko, da aƙalla wani ya amfana.

Komawa ba ta da labari. Masu koren riga ba sa tsayar da dabbar da ke barin Abuja.

Sakamakon kwamiti ya fito bayan 'yan watanni. An rufe wasu tashoshi, an haɗe wasu, tamu an bar ta, an ma yi mana alkawarin sabon firiji. Darakta ya yi imani Jatau ne ya cece mu, yana faɗa a kowane taro cewa shugabanci dabara ne. Ni ban sani ba. Mai yiwuwa ɓarakar shingen nan ce ta burge Baturen, domin na ji a rahotonsa ya yaba da yadda tasharmu ke hulɗa da jama'ar kewaye.

Matan garken suna nan suna tsufa. Duk ranar kasuwa ina bin ƙauyukan maƙwabta ina leƙa bakin bunsurai da bayansu, ko zan dace da wani jikan da ya fita ta ɓarakar, in sayo jininmu daga hannun waɗanda suka sata. In na samu, aikin zai koma inda yake lokacin da gashina yake baƙi.

Jatau kuwa ya yi ƙiba, ya yi sheƙi, ya daina faɗa da kowa. Baƙi in sun zo shi ake fito musu da shi su ɗauki hoto. Makon jiya mai binciken kadarorin gwamnati ya zo daga hedikwata, domin ya ji an fita da dukiyar tarayya zuwa Abuja. Ya kama kunnen Jatau, ya duba lambar da ke maƙale a jiki, ya ce alhamdu lillahi, kaya ya dawo cif yadda ya tafi. Na ce ko zai zagaya ya duba ta baya. Ya ce wannan ba hurumin ofishinsu ba ne.